Fatawa: Manyan ofisoshin lauyoyi biyu sun ɗauke ni aiki, wanne zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Na kammala makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda, na kuma gama bautar ƙasa. Yanzu manyan ofisoshin lauyoyi biyu masu yi wa kamfanoni aiki sun ba ni takardar ɗauka. Na Legas albashinsa ya kusa ninka na Abuja, amma sashen bankuna za su sa ni, inda akasarin aikin rubuta yarjejeniyar bashi ne. Na Abuja kuwa rajistar kamfanoni ne da kwangiloli da sasanta rikici. Ni ne babba a gidanmu, nauyin karatun ƙannena a wuyana yake. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka sa hannu ba.

Aikin lauya a asalinsa halal ne. Shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira wakilci a cikin husuma, kuma an ruwaito Sayyidina Aliyu yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. Sharaɗinsa kada ka kare abin da ka san ƙarya ne, saboda faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 105: kada ka zama mai husuma domin kare maha'inta.

Wahalar tana sashen da na Legas suka yanka maka. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin riba, da mai ba da ita, da mai rubuta ta, da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. To ka dubi teburinka a can. Ƙarfe goma na dare ubangidanka zai turo maka takarda mai shafi ɗari, ya ce ka gyara sakin layin da ke faɗin kashi nawa ne kuɗin ruwa, da abin da za a ƙara wa mai bashi idan ya yi jinkiri. Kai za ka tsara kalmomin, kai za ka toshe duk wata ƙofa da mai bashin zai bi ya kuɓuta. Idan wannan bai shiga cikin "mai rubuta ta" ba, wa hadisin yake nufi? Kuma ƙaramin lauya ba ya zaɓen fayil, abin da aka ajiye masa shi zai yi. Saboda haka karɓar wannan aiki a yadda ka siffanta shi bai halatta ba.

Na ji batun ƙannenka, kuma wallahi ban raina shi ba. Sai dai larurar da ke halatta haram ita ce wadda mutum ba shi da mafita. Kai kuwa ga wata takardar a hannunka, albashinta zai riƙe ka ko da da ƙyar ne a farko.

Za ka iya cewa ai na Abujan ma ba zai rasa bankuna cikin masu hulɗa da shi ba, kuma daga asusu ɗaya ake biyan kowa. Gaskiya ne, amma hukunci yana bin aikin da hannunka ya yi. Annabi ya yi ciniki da Yahudawan Madina alhali an san suna cin riba, har ya rasu sulkensa yana jingine a wurin ɗayansu. Rajistar kamfani a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da rubuta kwangilar saye da sayarwa, da sulhu tsakanin abokan kasuwanci, duk ladansu halal ne, muddin sana'ar kamfanin ba giya ko caca ba ce.

Kafin ka rufe ƙofar Legas, ka koma musu da tambaya ɗaya: za su iya mayar da kai wani sashe, a rubuce? Wasu manyan ofisoshin suna aikin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun saka jari marasa riba, a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko, na naira biliyan 100, a 2017 domin gina hanyoyi, kuma duk lauyoyi ne suka tsara takardun. Wannan fage yana da ƙishin mutane irinka, masu doka a hannu da tsoron Allah a zuci. Amma kada ka yarda da alkawarin fatar baki, domin ranar da aiki ya yi yawa ba wanda zai tuna da shi.

Idan sun amince a rubuce, ayyukan biyu sun zama halal gare ka. A nan ne istihara take da gurbi, domin ba a yin ta tsakanin halal da haram. Sai ka auna inda za ka samu sallarka a kan lokaci, musamman Juma'a, da inda za ka fi koyon aiki, ka kuma ji ta bakin mahaifanka. Idan sun ƙi, ka kama na Abuja, kuma tun ranar farko ka sanar da shugabanka cikin ladabi cewa ba ka rubuta takardar bashi mai ruwa.

Wallahu a'alam.