Harafin da ke gaban 50K

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa bolum ɗin da ka sa wa amfilifayar direban nan mai jigilar Garwa zuwa Marwa yake tashi da ƙarfi da zarar an ɗan taɓa shi, amma daga rabi zuwa ƙarshe kamar ba a murɗa komai ba. Ka ce 50K ka cire, wato bolum mai ohm dubu hamsin, 50K ka mayar, ka kuma duba dalmarka sau uku. Dalmarka lafiya lau take, na gani da idona. Harafin da ke gaban lambar ne ya kuɓuce maka: A50K ka cire, ka sa B50K.

Mai B ɗin nan rabon adalci yake yi. Ka murɗa rabi, ya ba ka rabin siginar. Ka murɗa kwata, ya ba ka kwata. To kunnen ɗan Adam ba haka yake lissafi ba. Ka tuna tukunyar shayi: cokalin sukari na farko shi harshe ke ji sosai, na goma kuwa da ƙyar ka bambanta shi da na tara. Shi ya sa ake auna sauti da desibel. In ka ninka wat ɗin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninku a kunnensa, sai an ƙara kamar desibel 10, wato wat ya ninku sau goma.

Yanzu dubi abin da B ke yi. Daga rabi zuwa ƙarshe desibel 6 ne kawai tsakani, shi ya sa ka ji kamar ya mutu a can. Duk aikin ya cunkushe a farkon murɗawa. Abin da B ke bayarwa a kashi ɗaya cikin goma na zagayensa, mai A sai wajen tsakiya yake kaiwa gare shi, don a hankali yake hawa, daidai da jin kunne. A mota wannan ba ƙaramin abu ba ne. Direba na tuƙin dare, fasinjoji na gyangyaɗi, yana so ya rage karatu ko labarai ƙasa-ƙasa, hannu ɗaya a sitiyari, ga gargada. Da B, taya ta faɗa rami kaɗan, lasifika ta tashi kowa.

Amma kada ka amince da harafi ido rufe. Wasu kamfanonin Turai suna rubuta A a kan mai rabon daidai, B a kan na sauti, kuma irin kayan nan suna shigo mana cikin tsofaffin rediyoyi. Ɗauko mita. Ajiye sandar a tsakiya, ka auna daga ƙafar tsakiya zuwa kowace ƙafar gefe. In ka ga 25K nan, 25K can, mai rabon daidai ne. In ka ga kamar 5K zuwa 8K a gefe guda, sauran duk a ɗaya gefen, shi ne namu.

Ranar da ka rasa A a kasuwa, akwai dabara: ɗauki B50K, ka haɗa rezista 8.2K daga ƙafar tsakiya zuwa ƙafar da ke zuwa ƙasa, wato layin GND, siginar da yake bayarwa a rabin murɗawa za ta sauko daga kashi 50 zuwa kusan kashi 20 cikin ɗari. Tana fid da kai kunya, sai dai tana ɗora wa rediyon nauyi, ni ban cika sonta ba. Sababbin rediyoyi masu murɗawa ba iyaka kuwa wani sha'ani ne daban, IC irin TDA7313 ke rage sautin mataki-mataki, desibel 1.25 kowane taki.

Direban zai dawo bayan azahar. Akwai A50K mai ƙafa shida, wato mai layi biyu na lasifikar hagu da ta dama, a gwangwanin madara da ke ƙarƙashin tebur. Auna layinsa biyu duka kafin ka kunna ƙarfen dalma, ka kira ni in ji da kunnena kafin ka rufe murfin.