Amsa ga yarona kan kalmar sirrin root

Yaro, na karanta saƙonka inda kake cewa ka gama saka MySQL, manhajar rumbun bayanai, a sabuwar sabar amma ta ƙi barinka ka shiga da sunan root, babban asusun da ke da iko da komai, wai kuma ka gani a intanet cewa mafita ita ce skip-grant-tables, umarnin da ke sa MySQL ta daina tambayar kalmar sirri. Da wata tambaya ce daban da na ƙyale ka ka lalubo da kanka, amma abin da ka ambata ya fama mini tsohon miki.

Sabuwar sabar ba ta buƙatar a ɓalle mata ƙofa, domin mabuɗin yana nan kusa. Idan tsarin da ke kan sabar Ubuntu ne, tun daga 18.04 root ba ya shiga da kalmar sirri, da auth_socket yake aiki, wato ana gane ka ne ta asusunka na kan sabar, don haka sudo mysql kaɗai zai shigar da kai, kuma idan kana so ya koma karɓar kalmar sirri dole ka rubuta ALTER USER tare da IDENTIFIED WITH caching_sha2_password BY a MySQL 8.0. Idan CentOS ce, tun daga MySQL 5.7 ana ajiye kalmar wucin gadi a /var/log/mysqld.log. Sauran ba zan faɗa ba, domin wanda ya yi shekara biyu a shagona bai kamata a koya masa buɗe fayil ba.

A shekarar 2017 na yi wa wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari rumbun bayanai na kaya da basussuka. Ya dage sai ya riƙa duba lissafinsa ko yana kan tafiya, sai na buɗe masa tashar 3306, ƙofar da ake shiga MySQL daga waje, amma da na ce ya sayi faifan ajiya na daban don kwafi, sai ya ce neman kuɗi nake yi. Wata ranar Alhamis da yamma yaron shagonsa ya canza kalmar sirri ya manta, aka kira ni, na rubuta skip-grant-tables a cikin my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, na gyara, kuma kafin in goge layin aka ɗauke wuta, janareto babu mai, Alhaji yana tsaye da kwaɗo a hannu yana jira ya rufe shago. Na ce zan dawo Asabar. A wancan zamanin wannan layin ba ya yanke hanyar waje da kansa, sai a 8.0 aka haɗa shi da skip-networking mai rufe wannan hanyar, saboda haka da aka kunna sabar washegari duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina a duniya shiga yake yi ba tambaya.

Ranar Asabar na tarar an kwashe komai, an bar rubutu guda ana neman bitcoin, irin fashin da ya yi yawa a shekarar. Dare goma sha ɗaya na yi ina tattara basussukan daga tsofaffin rasit, wasu tawadarsu ta koɗe, wasu ruwa ya taɓa su, ina haska su da fitilar waya ina karantawa. Da na gama, Alhaji ya riƙe cikon kuɗina gaba ɗaya, ya miƙa aikin ga ƙanin matarsa wanda bai san bambancin sabar da firiji ba, sannan ya riƙa faɗa wa maƙwabtansa na layi cewa ni na zubar masa da dukiya, maganar faifan da ya ƙi saya kuwa bai taɓa tayar da ita ba. Har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure yana miƙo mini hannu kamar babu komai.

Ku yaran yanzu kuna kwafo umarni daga bidiyo ku liƙa ba tare da kun san abin da yake buɗewa ba. Idan wata rana ta kama dole, ka rubuta skip-grant-tables a layin umarni tare da skip-networking, kada ya shiga fayil, ka yi FLUSH PRIVILEGES kafin ALTER USER, sannan ka sake tayar da sabar. Kada ka turo mini kalmar sirrin ta WhatsApp. Gobe da safe zan duba my.cnf ɗin da idona kafin ka kira mai aikin.