Amsar Kawu kan batun durƙusawa

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya. Ka ce ranar Juma'ar da muka je gaida Sarkin Hausawa a Agege, ka ga na tuɓe takalmi na durƙusa, kai kuma ka tsaya ƙiƙam ka miƙa hannu, har dattawa suka bi ka da kallo. Kana tambaya ko laifi ka yi, tunda abokan aikinka na Ikeja sun ce durƙuso ƙasƙanci ne, wani malami kuma ya ce maka addini ya hana.

Malamin bai faɗi son ransa ba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Aka ce musafaha fa, ya ce e. Ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai, wannan babu ja. Sai dai tsugunon Bahaushe, yadda na taso na same shi, babba yana zaune a kan tabarma ko buzu, kai kuma ba ka son maganarka ta sauko masa daga sama, shi ya sa kake rage tsawo. Wasu malamai sun ƙyale, wasu sun ƙi. In ka bi masu ƙi, ba zan yi fushi ba. Yarbawan da muke zaune da su ma, ka ga mai gidaje a Ikoyi ya kwanta rub da ciki gaban mahaifinsa, ya tashi da babbar rigarsa, bai ragu da komai ba.

Amma ni ba gwiwarka na kalla ran nan ba. Waya na hannunka na hagu, idonka na kanta, ka miƙa wa tsoho 'yan yatsu uku. Wannan ne ya sa aka kalle ka.

Bari in ba ka labarin da uwarka ma ba ta sani ba. A 1979 na sauka daga jirgin ƙasa a Iddo, daga ni sai buhun tufafina. Wani tsoho mai ɗaurin huhun goro a Agege ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa, shekara biyu muna cin tuwo kwano ɗaya. Daga baya Allah ya buɗa mini a harkar shanu, ina kaiwa mayankar Oko-Oba, har na sayi Fijo 504. Wata rana cunkoso ya riƙe mu, ina ɗauke da wasu alhazai biyu, sai ga shi a bakin titi da yagaggiyar riga, yana ɗaga hannu yana kirana da sunan da yake tsokanata da shi. Na ɗaga gilashi, na yi kamar ban ji ba. A safiyar ranar nan kuwa sau uku na durƙusa wa masu kuɗi. Na yi ta cewa gobe zan je in ba shi haƙuri, har aka aiko mini ya rasu. Ka ga ai gwiwata ta iya ladabi, zuciyata ce ke ɗauke da rawanin tsiya.

A Sahihu Muslim, da Annabi ya ce mai girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba, wani ya ce mutum fa yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka sa kwat ɗinka, hau motarka. Abin da nake so in sani, maigadin ofishinku da ke buɗe maka ƙofa kullum, ka san sunansa? Ɗan dakon da ya ɗauko maka kwandon tumatir a Mile 12, da wace murya ka yi masa ciniki?

Juma'a mai zuwa ka biyo ta gida kafin azahar mu koma tare. In ba za ka durƙusa ba, ka tuɓe takalmi ka zauna a tabarma, wayar nan ta shiga aljihu, ka ba da hannu biyu. Ka gaida mini mai ɗakinka da yara.