Amsar tambayoyinku: gansakuka, ƙanƙara da ruwan da ba ya tsami banza

Wata ɗaliba daga Kumo ta turo tambaya, ta ce an ba su aiki kan wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, shin daidai ne ta ce musu gansakuka? Sannan wadda ke rufe teku can Antaktika, yankin sanyi na ƙarshen kudancin duniya, ita ma sunanta ƙanƙara?

To 'yata, gansakuka dai a wajenmu shi ne koren nan mai santsi da ke fitowa a bakin rijiya ko jikin randa ko kan ruwan kududdufi. Dayatom danginsa ne, da hasken rana suke rayuwa, sai dai ido ba ya ganin guda ɗaya sai da madubin likita, kuma kowanne yana cikin ɓawo mai tauri na sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, kamar kwano da murfinsa. Ni dai na fi son ki rubuta "gansakuka mai ɓawon gilashi", ko manomi ya ji zai gane. Kuma ba baƙi ba ne a wajenmu fa, akwai farar ƙasar da ɓawonsu ya tara a Bularafa ta jihar Yobe, hazon hunturu ma yana ɗauko burbushinsu daga kwarin Bodele na Chadi.

Ƙanƙara kuwa asali wadda ke zubowa da ruwan sama ce, da firji ya zo kalmar ta haɗa har da ta cikin leda ma, don haka ba laifi. Amma ki bambanta, ƙanƙarar teku ruwan gishirin ne da kansa ya daskare, sai sanyi ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili, dutsen ƙanƙara kuma daga tudu ya ɓalle ya faɗo.

Wani malamin makaranta daga Azare kuma yana tambayar inda ake sa "ruwa ba ya tsami banza". Malam ana faɗinsa ne in an ga sauyi, ana nufin akwai dalili ko da bai fito fili ba, kuma aikin ɗalibar nan ma misali ne. In dayatom sun mutu ɓawonsu na nutsewa ya kwanta a lakar ƙasan teku shekara bisa shekara, kuma kowane iri da inda yake so, Fragilariopsis curta sai bakin ƙanƙara, shi kuwa Fragilariopsis kerguelensis ya fi yawa a buɗaɗɗen ruwa da sanyinsa ya ɗan sassauta. Ƙanƙarar Antaktika tana kai kusan murabba'in kilomita miliyan 18 a Satumba, ta janye zuwa wajen miliyan 2 zuwa 3 a Fabrairu, to masana sai su haƙo laka su ƙirga ɓawon, in na ƙanƙara ne ya rinjaya a wani hawa sun san a zamanin nan ƙanƙara ta iso wurin, in ya ragu ruwan ya yi ɗumi kenan.

Amma don Allah a daina sa karin maganar nan wajen zargin mutum ba hujja, ina yawan ganin haka a Facebook kuma yana damuna. Cewa ta yi akwai dalili, ba ta ce wane ne ya yi ba.