Filin Tambaya da Amsa: Ina son komawa kyamarar fim da hoton baƙi da fari, ta ina zan fara?

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a a Zariya:

Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai na daɗe ina ɗaukar hoto da waya amma duk lokacin da na ga tsofaffin hotunan kakanninmu na baƙi da fari sai in ji namu ba su kai su ba. Ina so in sayi kyamarar fim 'yar ƙarama marar nauyi wadda zan iya jefawa a jaka, an ce min wai in nemi renjifainda. Don Allah mece ce ita, wacce zan saya, kuma wane fim zan saka mata?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, wanda ya ba ki shawarar nan bai cuce ki ba. Renjifainda kyamara ce da ba ta da madubin nan mai tashi sama yana faɗuwa kamar na manyan kyamarorin masu hoton biki, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta da ƙara, in kin latsa sai ki ji ɗan ƙis kawai, wanda ke gefenki ma ba lalle ya sani ba. In kika kalli fuskarta za ki ga tagogi biyu a sama. In kika leƙa ta baya kuma akwai wani ɗan fili a tsakiya mai ruwan ɗorawa, a cikinsa abin da kike kallo zai rabu gida biyu, fuska ɗaya ta zama biyu. Sai ki riƙa murza zoben gilashin a hankali har biyun su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗe, saiti ya yi, sai ki latsa. Sirrinta ke nan gaba ɗaya.

Abin da za ki riƙe shi ne ba ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton kike kallo ba, ta wata taga daban ce. Wato ko murfin gilashin na rufe ke za ki ga komai tas, ki cinye fim guda babu hoto ko ɗaya. Kuma in kin matso kusa sosai, abin da idonki ya gani da abin da fim zai kama suna ɗan saɓawa, don haka ki bar ɗan fili a saman kan mutum kada ki yanke masa hula ko ɗankwali.

Zancen wacce za ki saya, guda uku zan ambata. Olympus XA ta fito a 1979, ita ce autarsu, nauyinta wajen giram 225, tana shiga tafin hannu, gilashinta 35mm f/2.8 (lambar mm faɗin abin da gilashin ke kamawa ce, ta f kuma girman ramin shigar haske, in ta yi ƙasa haske ya fi shiga), kuma murfinta jan shi ake yi gefe, sai an buɗe take aiki don haka matsalar manta murfi ba ta taso ba. Batirinta SR44 guda biyu, ko LR44 ɗin nan da masu gyaran agogo ke sayarwa. Aibinta in batir ya mutu ta mutu, kuma ɗan filin saitin nata ƙarami ne, a wasu ma ya dushe saboda tsufa. Sai Canonet QL17 GIII ta kamfanin Canon, ta 1972, gilashinta 40mm f/1.7, tana ganin duhu fiye da sauran, amma ta haura rabin kilo, a jakar hannu za ki san tana ciki. A tsakaninsu akwai Olympus 35 RC ta 1970, 42mm f/2.8, giram ɗari huɗu da ɗoriya, ni kam ita nake zaɓar wa mai koyo domin ko babu batir tana aiki, ke za ki saita komai da hannunki, kuma ta haka ake koyo. Ita da Canonet an yi su ne don wani batirin zaiba da aka daina yi tuntuni, yanzu ana saka musu batirin na'urar ƙara jin magana mai lamba 675, sai dai 'yan watanni kawai yake yi. Leica kuwa, fitacciyar renjifaindar nan mai tsada, ki bar ta tukuna, kuɗinta zai saya miki fim na shekaru.

Duk waɗannan na hannu ne, sun haura shekara arba'in, don haka kada ki biya sai kin duba ko kin sa mai sayarwa ya turo miki bidiyo. Ki buɗe bayan, ki ɗaga ta wajen haske ki latsa ki ga ƙofar hasken na buɗewa tana rufewa ba ta maƙalewa, musamman in an saita saurin ɗauka a kan mai jinkiri. Ki haska gilashin da tocilan waya, in kin ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki to fumfuna ce, ki haƙura da ita. Ɗakin batir kada ya zama ya yi kore ko farin gari. Akwai baƙin soso siriri a gefen ƙofar baya mai hana haske shiga, a yawancinsu ya narke ya zama danƙo, wannan ba abin tsoro ba ne ana kankare shi a liƙa sabo. Wanda ya fi duka shi ne ki auna hasumiyar masallaci mai nisa ko dogon ƙarfen sabis, ki murza zoben har ƙarshe, dole hotuna biyun nan su haɗe. In ba su haɗe a can ba duk hotunanki za su fito dishi-dishi kuma samun mai gyaranta a nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Fim kuma 35mm za ki nema mai ɗauka 36. Ki fara da Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, duk ISO 400 ne (ISO lambar saurin kama hasken fim ce), in aljihu bai kai ba akwai Kentmere 400 da Fomapan. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa har ki san halinsa, kada ki yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, in hoto ya lalace ba za ki san laifin waye ba. Na fi son HP5 ga mai koyo saboda yana da haƙuri, ko kin ba shi haske fiye da kima zai fito da abin kallo. In kin saka fim kin ja, ki kalli ɗan hannun naɗewa na gefen hagu, in yana juyawa fim na tafiya, in ba ya motsi bai kama ba.

Wani abu kuma da bai shafi ƙarfe ba, shirun kyamarar nan kada ya sa ki riƙa ɗaukar mutane ba da saninsu ba. Ki gaisa, ki nemi izini, musamman mata da tsofaffi, in kin wanke kuma ki kai musu nasu.

Tambaya daga wani matashi a Damagaram:

Malam ina da tsohuwar kyamarar babana amma mitar haskenta ba ta aiki. Ranarmu nan kuma ka san yadda take. Ya zan yi in san saitin da ya dace?

Amsa:

Ɗan'uwa ba ka buƙatar mita in rana na sama. Akwai tsohuwar ƙa'ida, in rana ta take, ka sa ramin haske a 16, saurin ɗauka kuma ka sa lambar da ta fi kusa da ISO ɗin fim ɗinka. Fim 400 sai 1/500, fim 100 sai 1/125. In hazo ya rufe rana ka dawo 11 ko 8, inuwar bishiya ko rumfar kasuwa 5.6, cikin zaure kusa da ƙofa 4 ko 2.8. Ka lura yawancin ƙananan kyamarorin nan 1/500 ne iyakarsu, kenan da fim 400 da tsakar rana ka riga ka kai bango, don haka in yawancin aikinka a fili ne ka nemi fim 100.

Ga inda nake so ka natsu. Fatarmu baƙa ce, manyan rigunanmu farare ne, ranarmu kuma daga sama take dukan kai. Ka ɗauki dattijo da farar shadda da rawani ƙarfe ɗaya na rana, rigar za ta fito tana walƙiya amma fuskar ta zama duhu, idanu su ɓace a ƙarƙashin rawanin. Ko kyamara mai mita ma farin rigar ne ke ruɗa ta ta rage haske. Maganinsa ka auna don fuskar ba don rigar ba, ka buɗe ramin da mataki ɗaya, daga 16 zuwa 11, fim ɗin baƙi da fari ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa, abin da bai kama a inuwa ba babu mai wankin da zai dawo maka da shi. Mafi kyau ma ka ja shi bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ko ka bari sai bayan la'asar, a lokacin ne zanen aska da saƙar hula da ƙurar da dawaki suka tayar ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin hunturu da mutane ke ƙorafin hazo, wallahi su ne kwanakin da suka fi daɗin ɗaukar fuska, hasken ya yi laushi. Sai dai ka saka kyamarar a jaka mai zif, kuma kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar nan yashi ce, ka hure ta tukuna.

Tambaya daga wani tsohon mai hoto a Kano:

Na yi sana'ar hoto shekaru da yawa amma masu kala muke kaiwa inji. Yanzu jikana ya kawo fim ɗin baƙi da fari, wuraren wankin duk sun rufe. Ana iya yi a gida?

Amsa:

Baba barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya. Ana yi ƙwarai, kuma ya fi mai kala sauƙi nesa ba kusa ba. Ba sai da ɗakin duhu ba, akwai baƙar jaka mai hannuwa biyu da ake zura hannu a naɗa fim a kan faifansa a saka a tanki, irin na Paterson, da an rufe tankin sauran aikin a cikin haske ake yi. Magani biyu ne dole, mai fito da hoto kamar ID-11 ko D-76 ko Rodinal, sai mai kafe shi wato fiksa. Ku nemi na gari ku dama da kanku, ya fi jure tafiya da ajiya.

Babbar matsalarmu zafi ne Baba. Lissafin kamfanoni a kan digiri 20 suka yi shi, ruwan tankinmu kuwa a watan Afrilu ya wuce 30. HP5 a cikin ID-11 da aka sirka rabi da rabi da ruwa minti 13 yake so a digiri 20, a digiri 24 wajen minti 9. In ruwan ya fi haka zafi lokacin zai gajarce har hoton ya fito da dabbare-dabbare, kada dai ya gaza minti 5. Ku sayi ma'aunin zafi, ku jera kwalaben a roba mai ruwa da ƙanƙara, ku yi aikin bayan asuba, kuma duk ruwan da zai taɓa fim ɗin zafinsa ya zama kusan ɗaya, in aka fito da shi daga sanyi aka watsa masa mai zafi fatarsa na iya tsattsagewa. Kowane minti a kifa tankin a miƙe sau huɗu. Bayan nan a zubar, a ɗauraye, a zuba fiksa kamar minti 5. Wanki na ƙarshe a cika tanki a kifa sau 5 a zubar, a sake sau 10, a sake sau 20. Ruwan burtsatse na barin tabon gishiri, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwa mai tsabta sosai da ɗigon maganin hana tabo.

Wajen shanya nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu, fim mai laima duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna kenan. A yayyafa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta, a rataye shi da maƙalin shanya sama da ƙasa, a rufe ƙofa awa biyu kada kowa ya shiga. Tsohuwar fiksa akwai azurfa a cikinta, a tara ta a jarka, kada a zuba kusa da rijiya ko inda awaki ke sha, a kuma nisanta ta da yara. In nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, ya bushe jikan naku zai iya ɗora shi a kan farin haske ya ɗauka da kyamarar zamani ko waya ya juya shi a kwamfuta.

In kuma har yanzu akwai wani inji mai wankin kala da kuka sani yana aiki, ku nemi Ilford XP2 Super, baƙi da fari ne amma da maganin kala na C-41 ake wanke shi. Fim ɗin da ba a taɓa ba a ajiye shi a firji cikin robarsa, a fito da shi awa guda kafin a buɗe don kada ya yi gumi, kada kuma a bar shi a mota da rana. Wanda zai taho muku da shi ta jirgi ya riƙe shi a hannu kada ya saka a babbar jaka, ya roƙi jami'an filin jirgi su duba da hannu, sababbin na'urorin haska kaya na lalata fim ko da sau ɗaya ya bi ta ciki.