Wasan laka da kat-kat a damina

Ɗan uwa ka ce kai da abokanka kuna son shiga laka da kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, wajen tabkin Gidimuni a yankin Damagaram bayan ruwan Agusta, to ni dai ban goyi baya ba. Lakar bakin tabki ba rairayin hanyar Tanut ba ce, sama a bushe ƙasa caɓi, kana ƙara wuta motar tana ƙara nutsewa. In inji ya shaƙi ruwa shi ke nan sai gareji, birki ma in ya jiƙe ba ya kamawa sosai. Wajen janyo ta kowa ya matsa nesa, igiya in ta tsinke tana iya kashe mutum wallahi. Ga gonakin geron mutane, ku taka su sai gaban mai gari. In kun nace ku tafi da mota biyu da shebur.