Amsar Kawu Kan Taron Fabrairu

To Hafsatu na ga saƙonki tun jiya, caji ne ya ƙare min. Kina tambaya wai me ya sa duk Fabrairu a jami'arku ta MIT da ke Amurka ake liƙa hotunan masana baƙar fata ana ta taruka, ko ba wariyar ce ta sake riga ba. A'a 'yata, ba haka ba ne.

Abin ya faro tun 1926, wani malamin tarihi Carter Woodson ya ware mako guda a Fabrairu na tuna tarihin baƙar fata saboda littattafan makaranta ba sa ambaton baƙar fata sai in an zo maganar bauta, a 1976 ne aka mai da shi wata cur. Kinga baƙar fatar Amurka ba kamar mu bane da za ki zauna gaban Hajiya ta zayyano miki kakanni bakwai, su an raba su da sunayen iyayensu tun zamanin cinikin bayi, shi ya sa wanda suka samu sai su riƙe shi gam.

Ginin nan na jami'arku mai lamba 37 da ake ce wa McNair, kin san ko waye? Ronald McNair ne, ɗan garin Lake City a Karolina ta Kudu. Yana shekara 9 ya je laburare aron littafi aka ce ba a ba baƙar fata, yaro ya kafe ya ƙi fita har aka kira 'yan sanda da mahaifiyarsa, ƙarshe dai da littattafan ya koma gida. Shi ne ya zo nan inda kike yayi digirin digirgir a fiziks a 1976, ya je sararin samaniya a 1984, baƙar fatar Amurka na biyu bayan Guion Bluford. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger da yake ciki ya tarwatse sakan 73 da tashi, su bakwai ba wanda ya tsira, ni a rediyo naji wallahi duk jikina yayi sanyi. Wancan laburaren kuwa yau sunansa ne a jiki.

Ke da kike mace ki nemi labarin Shirley Ann Jackson, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta yi digirin digirgir a MIT, 1973, itama fiziks.

Dan Allah kar ki ƙule a ɗaki, ki je taron ki saurara. In kin bi ta ginin ki ɗauko min hoto zan nuna wa ƙannenki. Gwaggonki na gaishe ki, tace ki dinga sa rigar sanyi.